Muryar Rabi daga Yamai: amsa ga Yaya kan rinar icen pin

Salamu alaikum ƴan gida. Yaya, na ji tambayarka ta jiya, wai ƙwaron da na ce yana cinye dazuzzukan pin a Afirka ta Kudu, da fiffikensa ya ƙetare teku? A'a Yaya, ɗauko shi aka yi.

Pin ɗin nan icce ne mai ganye kamar allura, mu nan ba mu da dajinsa, sai dai katakonsa. Ƙwaron kuma wata irin rina ce, sunanta Sirex noctilio, asalinta Turai da Asiya da arewacin Afirka. Macen ke huda icce ta zuba ƙwai, ta haɗa da wani dafi mai yauƙi da funfuna, sai iccen ya bushe a tsaye. An gan ta a Burazil a 1988, Afirka ta Kudu a 1994, Amurka a 2004.

To, yadda ake auna tashinta ne ya ba ni dariya a aji. Ana manna bayanta a bakin wata siririyar waya mai juyawa, tana tashi tana zagaye kamar akuya a turke, kwamfuta na ƙirga zagayen. A Ajantina aka yi wannan, wata macen ta yi kusan kilomita 50 a yini guda, amma yawancinsu ba su kai rabin haka ba. Kuma ka san wani abu? Rinar in ta girma ta fito daga icce ba ta cin komai. Kitsen da ta tara tun tana tsutsa cikin icce, shi ne man tafiyarta, shi ya sa mai jiki ta fi ƙarama nisa. In ya ƙare, shi ke nan.

Ka ga kilomita 50 ai ko Doso ba ta kai ba daga nan, balle teku. Tsutsar ce ke kwance cikin katako, a loda shi a jirgin ruwa, can ta fito. Dalilin ke nan da ake gasa katakon ɗaurin kaya har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, a buga masa hatimin HT, alamar an gasa shi, don zafin ya kashe tsutsar.

Tunda gobe za ka kasuwar Katako sayen katakon rufi, Yaya, duba min jikin palet-palet ɗin nan, katakon da ake ɗora kaya a kai, in ka ga hatimin ka ɗauko hoto ka sa a guruf.