Ajiye samfefar nan, yaro

Ka aiko kana tambaya yadda za ka gane sirinjin iska mai zafi na likitocin haƙori na da, don kada ka rikita shi da ɗan famfon hure ƙura, kuma wai ko ka goge baƙin da ke wuyansa. Ajiye samfefar nan tukuna.

Duba tsakanin ƙwallon robar da tsinin bututun. In akwai ƙululun ƙarfe mai kauri, to shi ne. Wannan ƙululun likita ke karawa a harshen fitilar sifirit har ya yi zafi, sai ya matsa roba, iska ta ratsa ta ɗebi ɗumi, ta busar da kogon haƙori kafin a yi ciko. Cikon zinare ba ya kamawa in da danshi, iska mai sanyi kuwa in ta bugi haƙorin da aka rarake sai mutum ya zabura daga kujera. Baƙin nan sawun wuta ne, shi mai saye yake fara nema. Yadda ake kwance bututun ba zan ɓata bakina ba, wanda ba zai iya wannan ba ya koma sayar da katin waya.

Tambayarka ta tayar mini da mikin da bai warke ba. Na taɓa sayen akwati a hannun ɗan wani tsohon ma'aikacin asibitin mishan, na katako, cikinsa shimfiɗe da karammiski, da tambarin kamfanin Ash na Landan, masu ƙera kayan likitocin haƙori. Sirinjin iska yana nan a gurbinsa, ga na allura, gilashi cikin rigar ƙarfe, fistin ɗinsa, wato abin da ke tura ruwan, na fata, ga allurai da siririyar wayar da ake zura musu don kada su toshe. Na daɗe ina lallaɓa fatar nan da ɗigon mai har ta farfaɗo tana jan ruwa.

Sai ga wani dillali, babbar riga, ƙamshin turare, Alhaji sama Alhaji ƙasa. Wai yayansa likita ne, zai kai masa ya gani, in ya yi masa ba ciniki, ko nawa na ce. Wanda ya kawo shi maƙwabcina ne, kunya ta hana ni neman jingina. Da ya tashi dawo da akwatin sai ya zo gab da magariba, yana sauri, wai yaya ya ce da tsada. Da safe na buɗe. Sirinjin iska babu, an kwantar da famfon hure ƙura a gurbinsa, an sha masa man goge ƙarfe yana ƙyalli, ko zama daidai bai yi ba. Na allurar kuma wani mai wayo ya dafa shi, wai zai kashe ƙwayoyin cuta, fatar ta ƙanƙance ta bushe kamar kilishi. Na same shi a gida, ya rantse haka ya karɓa. Maƙwabcin nawa ya ce a bar wa Allah. Akwatin da ba cikakke ba ko rabin kuɗinsa bai yi ba, kuma har yau mutumin yana ɗaga mini hannu daga cikin mota.

Ku 'yan yanzu komai kuka gani da tsatsa sai ku ce "tun zamanin Turawa", ku ɗauki hoto ku tambayi waya. Sirinjin allura a 1853 ya fito, daga hannun likitoci biyu, Wood a Edinbara, Pravaz a Faransa. Likitocin haƙori ba su rungume shi sosai ba sai bayan 1884, da aka gano koken, wato hodar iblis, yana kashe zafi, sannan wani maganin kashe zafin mai suna Novocain ya zo a 1905. Wanda ake zura wa 'yar kwalbar magani kuwa dabarar wani likita Cook ce a Amurka, 1917. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka irinsa ya ce ya shekara 150, ƙarya yake yi.

Robar naka in ta tsage ka bar ta haka, kada ka sa sabuwa. Ka kawo mini shi ranar Asabar in duba tambarin, kuma kada ka ba kowa ya tafi da shi, ko da limamin unguwarku ne ya rako shi.