Ba inda ke masa ciwo, sai ya yi gwajin suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Dan Allah ina neman ƙarin haske, shekarata 38 maigidana kuma 45, mahaifiyata na fama da ciwon suga, na ce mu je a auna mu ya ce shi lafiyarsa ƙalau, wai da yana da shi da tuni tururuwa sun taru a fitsarinsa. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar tururuwan nan kam a ajiye ta gefe, don ƙoda ba ta fara zubo suga a fitsari sai ya kai wajen 180 mg/dL (ma'aunin yawan suga) a jini, kin ga kenan mutum zai iya shekara da shekaru suga na hawa a hankali yana ɓata masa jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, shi ko yana ta harkokinsa bai san dawan garin ba. Alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya sun nuna manya kusan 4 cikin 10 masu ciwon ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Abin na damuna ƙwarai, sai gani ya fara dishi-dishi ko miki ya ƙi warkewa sannan a garzayo asibiti.

Ku biyun duk kun cancanci gwaji, tunda Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ce a fara daga shekara 35, ko ma kafin nan in akwai ƙiba haɗe da hawan jini ko ciwon a dangi na kusa. Ke da kike da shi a wajen mahaifiya ai ke ya fi kamata ki riga shi zuwa.

Gwajin ba wuya, ku kwana ba ku ci komai ba na awa 8 (ruwa ba laifi), da safe a ɗebi jini. Ƙasa da 100 lafiya lau, 100 zuwa 125 an kusa shiga ciwon, a nan rage ƙiba da motsa jiki na iya maido da shi, 126 zuwa sama kuma ciwon suga ne amma sai an maimaita wata rana an tabbatar. Akwai kuma wani gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance wata 2 zuwa 3 baya, 6.5% zuwa sama shi ne ciwon, sai dai mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa wa likita tun farko don yakan ba da sakamako ba daidai ba.

In ya fito lafiya a sake bayan shekara 3, in kuma an kusa shiga to duk shekara.