Wai nutso da safe, jirgi da yamma?

Kai yaro, na ga saƙonka, wai in Allah ya sa ka samu aikin nan na raka baƙi nutso a teku a Zanzibar, baƙo zai iya nutso da safe ya hau jirgin sama da yamma? Wallahi ka fama min tsohon gyambo.

Lokacin ina aiki a garin Nungwi na Zanzibar muna kai baƙi nutso tsibirin Mnemba a kwalekwale, wani babban ɗan kasuwa ya zo, agogon hannunsa kaɗai ya fi albashina na shekara. Sau biyu na tambaye shi yaushe jirginsa, ya ce jibi. Takardar da baƙo yake sa hannu kafin nutso tana cikin jakata amma kunya ta hana ni fito da ita, wai kar na raina babban mutum. Muka shiga sau biyu, har mita 25, yana ta nuna min kunkuru kamar yaro. Ashe tikitinsa na daren ranar ne! Suna sama kafaɗa da gwiwa suka kama, ƙafa ta mutu, suna sauka aka wuce da shi ɗakin matsin iska, inda ake jinyar masu ciwon nutso. Da ya warke sai ya rantse ban taɓa gaya masa komai ba. Oga ya riƙe min albashin wata uku ya sallame ni, regileta ta, wato na'urar shaƙar iska a ƙasan ruwa, da na yi shekara biyu ina tara kuɗinta na sayar a wulaƙance kafin na ga Kaduna. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Abin da ke faruwa, a ƙasan ruwa jiki yana shan naitirojin daga iskar silindar da mai nutso yake shaƙa, in matsi ya ragu da wuri sai ta yi kumfa cikin jini, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. A jirgi kuwa matsin ya fi na ƙasa raguwa. Ƙa'ida kafin a hau jirgi a jira awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an maimaita, ni dai 24 nake cewa, kuma sai na ga tikiti da idona.

Maganar tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito daga ruwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma kamun kifi a Kabala. Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu a YouTube kun zama sarkin ruwa, kogin Kaduna ma bai gama saninku ba kuna zancen teku.

Ranar Asabar ka zo da gilashina da ka ara tun kafin azumi.