Hukuncin Yaɗa Bidiyon Da Ake Jingina Wa Masana Kimiyya

Tambaya: Malam, Allah gafarta. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Jega. An turo mana bidiyo a WhatsApp cewa ɗan sama jannatin Amurka Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta, da wani na masanin kimiyya Einstein yana yabon Alƙur'ani da bakinsa. Da na nuna shakka, wani ya ce raunin imani ne. Ya halatta in nuna wa ɗalibai, tunda ƙarfafa imani ake nufi?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, shakkarka ba raunin imani ba ce, aiki ne da umarnin Allah a Suratul Hujurat, aya ta 6, cewa idan fasiƙi ya zo da labari a bincika. Wanda ba a san ko wane ne ba kuwa, malaman hadisi ba su karɓar ruwayarsa, kuma yawancin bidiyoyin nan ba wanda ya san inda suka fito.

Batun Armstrong tsohon zance ne. Ya sauka a kan wata a 1969, jita-jitar ta bazu har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a 1983 tana ƙaryatawa a madadinsa. Ya rasu a 2012 bai taɓa cewa ya musulunta ba. Shi kuwa Einstein tun 1955 ya rasu. Yau da ƙirƙirarriyar basira ana ɗaukar tsohon hoto a motsa leɓɓansa, a ɗora masa murya, har da lumshe ido da gyaɗa kai. Ganin baki na motsi ya daina zama shaida.

Sai maganar kyakkyawar niyya, nan ne mutanen kirki ke zamewa. An ruwaito cewa wani mai ruwayar hadisi, Nuhu bin Abi Maryam, ya ƙirƙiro hadisan falalar surori, wai don ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya. Malamai ba su ce masa sannu da ƙoƙari ba, cikin maƙaryata suka lissafa shi. Kuma kasancewar wanda aka yi wa ƙagen ba Musulmi ba ne bai sauƙaƙa laifin ba, domin Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta wajabta adalci ko ga wanda muke ƙi. A hadisin Samura bin Jundub da ke Bukhari, Annabi (SAW) ya ga a mafarki ana tsaga wa wani mutum baki har ƙeya, saboda yakan yi ƙarya a ɗauke ta har ta kai sasannin duniya. Danna "tura" sau ɗaya ya isa kai ta can.

Ka kuma duba ɗalibin nan naka. Ran da ya shiga jami'a ya gano labarin ƙarya ne, me zai ce game da sauran abin da ka karantar da shi?

Don haka: yaɗa wanda ka san ƙage ne haramun ne. Wanda ba ka tabbatar ba, ka riƙe hannunka sai ka san a wane taro aka faɗa, a wace shekara, wa ya fassara, kuma ina cikakkensa. Idan ka riga ka tura, ka goge, ka sanar a inda ka tura cewa bai inganta ba. Nuna shi a aji don koya wa yara gane na bogi kuwa babu laifi.

Allah ne mafi sani.