Amsa kan yarinyar da ta kawo kukan kocinsu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce wata 'yar wasa mai shekara 15 a kulob ɗinku na ƙwallon mata da ke Kubwa a Abuja ta shaida maka cewa koci yana tsare ta bayan atisaye yana taɓa mata jiki, dattawan kwamiti kuma suna so a haɗa su biyu a kashe maganar a cikin gida. Na daɗe ina kula da walwalar 'yan wasa a wani ƙaramin kulob a Nyanya, kuma ina roƙonka kada ka yarda a yi wannan zaman.

Mu mun taɓa yin irinsa. Muka zaunar da yarinyar a kan benci a bakin fili, kocin na tsaye da usur rataye a wuyansa, mu biyar mun zuba mata ido, muka ce ta maimaita abin da ta faɗa. Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar takalminta, can ta ce wasa take yi. Aka shafa fatiha aka watse, kowa na murna an rufa asiri. Ba ta sake taka filin ba, shi kuwa ya ci gaba da horar da yaranmu har sai da wata uwa ta ga saƙonninsa a wayar 'yarta. Ni na kira zaman nan, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, koci ne ke zaɓen wadda za ta buga, shi ke alkawarin kai yara gwaji a manyan kulob, wani lokaci ma shi ke ba su kuɗin mota. Yarinyar da ta buɗe baki a kansa ta san abin da za ta rasa, don haka da wuya ta iya maimaitawa a gabansa.

Ka koma wurinta tare da wata mace babba da ta yarda da ita. Ku gaya mata kun gaskata ta kuma ba laifinta ba ne, ku guji tambayar me ya kai ta ko me ya hana ta faɗa tun farko. Kada ku yi mata alkawarin ba wanda zai ji, domin ba za ku iya cikawa ba. Ku faɗa mata wa za a sanar da kuma dalili. Ku tambaye ta wa ta fi so ya fara ji a gida, saboda akwai uban da zai huce a kanta ya raba ta da ƙwallo. Ka rubuta kalamanta yadda ta furta su tare da kwanan wata, a adana saƙonnin waya, sunanta kuma kada ya shiga WhatsApp ɗin kulob. Idan abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72.

Ya kamata kwamiti ya dakatar da kocin daga kusantar yara tun yau. Wannan ba yanke masa hukunci ba ne, bincike kuwa ba aikinku ba ne. A Abuja dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki, hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ce ke kula da aiwatar da ita, kuma ana iya kai rahoto can ko wurin 'yan sanda. Dokar 'yancin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, saboda haka zancen "da yardarta" bai taso ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimakawa kyauta. Da babbar mace ce, da na ce a bar mata zaɓin kai ƙara, amma wannan yarinya ce.

Za a ce maka kana son ɓata sunan kulob, mu ma an faɗa mana. Yanzu a wurinmu ba a atisaye sai da manya biyu, ɗaya mace, kuma koci ba ya tura wa yarinya saƙo sai ta wayar iyayenta. Idan kana so, matar da ke riƙe mana wannan aikin za ta iya raka ku ranar da za ku kai rahoto.