Tambaya da Amsa: Kwamfuta a Hannun Malama

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Asawase, Kumasi. Na samu kwamfuta a shirin gwamnati na 2021 na bai wa kowane malami tasa, amma ban iya koyarwa da ita ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da zaman mako-mako da malaman makarantarku ke yi domin ƙaruwa da juna, ki roƙi mai koyar da kwamfuta ya taya ki tsara darasi ɗaya tak, misali hotunan sassan tsiro, sannan ki gwada shi gaban ɗalibai. Ki sauke hotunan tun daga gida, domin intanet da lantarki sukan yanke ana tsakiyar darasi. Ki kuma nemi horon da hukumar malamai ta NTC ta amince da shi, saboda makinsa na cikin sharuɗɗan sabunta lasisinki.