Takardar da ke bin kwalba

Ka ce me ya sa nake ɓata lokaci kan takardar da ke zuwa da kwalbar saitokin, furotin ɗin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su, tunda sunan na jikinta, IL-6 ce ko TNF-alfa, a narka kawai a zuba. Ajiye wayar nan tukuna, yaro.

Furotin ɗin nan ba daga jinin mutum ake tatso su ba. Yawanci ƙwayar bakteriya E. coli ake sa wa ta ƙera su, sannan a tace. Ita kuwa E. coli bangonta na ɗauke da guba, endotokzin, wadda da ta taɓa makrofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta, sai su dinga zubo saitokin kamar an buɗe famfo. Shi ya sa idona ke fara sauka kan layin endotokzin a takardar. In ya kai EU 1 (ma'aunin endotokzin ke nan) a maikrogiram guda na furotin, ba ta shiga ɗakina.

Na taɓa ƙin bin wannan ƙa'ida sau ɗaya. Wani dillali ya same ni a Samaru da kula a hannu, wai yana da IL-1 beta a rabin kuɗi, takardar ce ta ɓace tsakanin Legas da Zariya. Ni da furfurata na amsa, araha ta rufe min ido. Wata uku ni da wata ɗaliba muna zuba wa makrofaj, farantin ELISA, gwajin da muke auna saitokin da shi, na fitowa rawaya jawur, har ana taya mu murna. Kyan ne ya yi yawa, ya fara damuna. Wata Asabar na ɗebi kaɗan na tafasa minti 30. Furotin in ta sha tafasa ta gama, endotokzin kuwa ko gezau. Na zuba tafasasshen, sakamako bai canza ba. Na ƙara polimiksin B, mai kama gubar, sai komai ya kwanta. Ashe wata uku guba muke aunawa.

Na bi dillalin har Sabon Gari. Ka san me ya ce? "Ai Malam da bakinka ka ce tana aiki." Faranti huɗu suka tafi, ga jinin da bayin Allah suka ba mu kyauta don mu samu makrofaj, ga yarinyar mutane da sai da ta ƙara shekara. Har yau in na hango motarsa a Kwangila sai ƙirjina ya yi zafi, shi ko yana ɗaga min hannu.

Zancen narkawa ba sai na zaunar da kai ba. A juya kwalba a santirifuj, injin da ke juyi da sauri ya tara abu a ƙasa, kafin a buɗe, a sa BSA, furotin na jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari don kada furotin ta manne wa roba, a raba ƙanana, a kai firizar -80°C. Wanda ka fitar ya narke kada ya koma firiza. Ku 'yan yanzu kuna girgiza kwalba kamar kunun zaki, na gan ka jiya.

Tashi ka duba janareta, na ji firizar ta fara kuka.